Waƙar Inna ta Bana

Daga Allah muka zo, wurinsa muka nufa, surukina kuwa ya riga mu isa. Ya rasu a nan Tamanrasset ana saura 'yan kwanaki a shiga sabuwar shekarar Musulunci, bayan wani ciwon ƙirji da bai ba mu lokacin yin jinya ba. Ba zan faɗi sunansa ba. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan amarya daga Maraɗi bakina bai taɓa furta shi ba, kuma ba yau da yake kwance a ƙasa zan fara ba. Baba muke ce masa, matarsa kuma Inna. Ni ce matar babban ɗansu.

Ranar da aka kai shi, mu mata muna cikin gida, maza suna waje ƙarƙashin rumfa, amma muryar liman har tsakar gida take isowa. Ya yi addu'a mai kyau, ya ambaci gaskiyar Baba a awo da yadda ba ya rasa jam'i. Sai ya ja numfashi ya ce, "Allah ya yafe masa kurakuransa, da abin nan da duk muka sani." Aka ce amin da ƙarfi, har ta fi ta farko ƙarfi. Na sunkuyar da kai, na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Kowa a wurin ya san abin da ake nufi. Baba mutum ne mai son kiɗa da waƙa, son da bai taɓa ɓoyewa ba, shi da yake Alhaji mai farin gemu.

Su kuma masu zuwa gaisuwa ba su rufa mana asiri ba. Wani Ba'abzine makaniki ya taso tun daga Hirafok, ya zauna gaban maigidana, sai ya ce da Hausarsa ta Agadas, "To yanzu wa zai gaya mana waƙar bana?" A gaban malamai fa! Balaraben da ke da gidan burodi a bakin titinmu ya zo yana share hawaye, yana ba da labarin yadda Baba ke tsayawa ƙofarsa da safe sai waƙar da ke rediyo ta ƙare. Wani tela ɗan Mali ma haka. A ɓangaren mata wata tsohuwa ta zo daga Silet da ƙullin dabino, mai goga imzad ce, gogen nan na matan Abzinawa. Ta kama hannun Inna ta riƙe, ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin yarensu na Tamahak. Na ji wata maƙwabciyarmu tana raɗa wa ta kusa da ita, "Har masu goge sun zo." Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Kunya muka ji, ni da maigidana da duk gidan, kuma saboda wannan kunyar nake rubuta wannan, don kada ta zama ita kaɗai ce abin da jikokinsa za su gada.

Baba mutumin Damagaram ne. Ya zo garin nan yana saurayi bayan fari ya cinye musu dabbobi, ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya samu shago a kasuwar Assihar yana sayar da citta, kanumfari, barkono, busasshiyar yakuwa da lalle. A tsakanin buhunan nan kullum akwai abin da ke waƙa. An ce da can rediyo ce mai ɗaure da igiya, sai kaset, ni dai salula na tarar, da wata 'yar lasifika da ya ɗinka wa riga da ƙyallen atamfa. Duk direban kamiyon da ya sauke masa kaya, kafin a yi maganar kayan sai Baba ya zuba masa shayi ya ce, "Me ake ji a garinku bana?" Direba ya ciro salularsa, a tura wa Baba. Da haka waƙoƙin Gawo da Agadas da Kano da Oran da Yamai suke taruwa a aljihunsa. Yakan ce jandarma sun sha tsare masa barkono a hanya, dowan masu binciken kaya a kan iyaka sun sha farke masa buhu, amma bai taɓa jin an tsare waƙa ba.

Mafi yawansu ma ba ya jin abin da suke cewa. Ƙanin mijina, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya taɓa ce masa, "Baba, kai da ba ka jin Bambaranci, ina ka san ba zaginka take yi ba?" Baba ya ce, "In zagi ne ta iya zagi. Ƙara sauti."

Shekara guda yake yi yana tankaɗe. Wadda ya ji sau biyu ta gundure shi, ya goge. Wadda ya tsinci kansa yana auna citta da amonta, ya ajiye. Kuma ba ya ɗaukar biyu daga gida ɗaya: in ya zaɓi kiɗan jita na Abzinawa guda, ya gama da su sai baɗi, ko da kuwa sun fitar da goma masu daɗi. Haka kiɗan Larabawa da ake kira rai, haka molon Mali, haka waƙar fim, haka begen Annabi, har da wannan ta samari da suke zuba magana kamar ana korarsu. Ita ma yana da tata, yana gyaɗa kai yana cewa yaran nan akwai abin da ke cin su.

Ranar cika-ciki ake rabo. Bayan la'asar mukan dafa wutsiyar ragon layya da aka adana, a tuƙa tuwo, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, abokansa na kasuwa su zo. In an ci an ƙoshi sai ya ajiye lasifikar a gabansa, ya gyara zama kamar alƙali, ya fara kunna waƙoƙinsa na shekara ɗaya bayan ɗaya. Kowacce da mai ita. Shekarar da wata yarinya ta ƙi ƙanin mijina, Baba ya kunna wani rai da mawaƙin ke kuka kamar an taka masa ƙafa, ya nuna shi da haɓa ya ce, "Ga taka." Aka yi ta dariya har shi mai ciwon. Shekarar da makanikin nan ya rasa ɗansa, tasa ba ta da ko kalma ɗaya, imzad ne zalla, kuma ba wanda ya yi motsi sai da ta ƙare.

Ni da Baba ba mu taɓa haɗa ido ba. In ya shigo ta nan, na bi ta can. Ban taɓa cin abinci yana gani ba, shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ɗakinsa bango ɗaya ne da madafa, in yana da saƙo sai ya ɗaga murya ya ce, "A gaya wa mutanen madafa miyar jiya ta yi," alhali ni kaɗai ce a madafar. Shekarata ta farko a garin nan na sha kuka. Duwatsu ta ko'ina, sanyi mai shiga ƙashi, damina ta zo ta wuce ban ji ƙamshin ƙasa ba, in na fita sayen cefane ba na jin abin da ake ce mini. Na ɗauka ba wanda ya lura. Ranar cika-ciki ina madafa ina kwashe miya sai na ji gurmi, irin namu na Maraɗi sak, wanda ake kaɗawa a bakin kasuwa in an kawo sabon gero. Na ji Baba ya ce, "Wannan ta mutanen madafa ce." Ludayin ya faɗi cikin tukunya. Na tsuguna a bayan ƙofa na toshe baki da zani, ga daɗi ga kunya, don na gane ashe duk kukan da nake yi yana jiyowa. Daga baya na ji cewa ya tambayi direbobin Maraɗi sun fi a ƙirga kafin ya samu wadda ta yi masa.

Baba ya taɓa yin rigima da maigidana, kuma a kan waƙar ne. Maigidana mutum ne mai zuwa ɗaukar karatu wurin liman bayan asuba, kuma magana tana damunsa. Wata rana ya samu Baba a shago ya durƙusa ya ce, "Baba, mutane suna magana. An ce shagon Alhaji ya koma gidan biki. Girma ya zo." Baba ya miƙa hannu ya kashe lasifikar, ya jefa ta cikin buhun lalle. Aka ɗauki makonni shagon tsit. Masu sayen citta suna tambaya ko rasuwa aka yi. A gida yana cin loma biyu ya ture kwano, ba ya ko aika wa mutanen madafa saƙo. Maigidana ya rasa inda zai sa kansa, ya ba da haƙuri ta bakin liman, ta bakin abokai, Baba ya ce ai shi bai yi fushi ba. Inna ce ta kashe maganar. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce wa ƙanin mijina, "Ka gaya wa yayanka a mayar wa mutum da abinsa." Maigidana da kansa ya je ya tono lasifikar, ya kakkaɓe mata lalle ya ajiye a gaban Baba. Rigarta ta yi kore har ƙarshenta.

Ita Inna ba mu taɓa jin ra'ayinta a kan waƙa ba. Mace ce mai shiru, mai carbi, ko guɗa ban taɓa ji ta yi ba. A wurin rabo tata ce ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ce ba a faɗar mai ita. Baba yakan rage sauti, ya juya bakin lasifikar ya fuskanci ƙofar ɗakinta, ya hau gyaran hularsa kamar ba shi ya kunna ba. Tana ciki, ba ta fitowa. In waƙar ta ƙare sai mu ji ta ce, "A kwashe kwanuka." Mu dai tausayinta muke ji, muna cewa baiwar Allah tana haƙuri da halin miji.

Bayan sadakar uku liman ya ja maigidana gefe ya ce masa duk lokacin da aka kunna abin da ke cikin salular nan, nauyin yana iske mai ita a kabari. Maigidana bai yi shawara da kowa ba. Ya kai ta wurin masu gyaran salula a Assihar, aka goge komai, aka cika ta da karatun Alƙur'ani, ya ba wani tsoho a masallaci sadaka. Don Allah ya yi, don yana son ubansa. Da ya gaya mini na ce ya kyauta, har na ji kamar an sauke mana kaya.

Cika-ciki ta zo. Muka dafa wutsiyar don kada a ce ba a yi ba, aka ci ba a ƙoshi ba, ba wanda ya shimfiɗa tabarma. Inna tana ɗaki tana takaba. Da la'asar ta yi sanyi sai ta kira ƙanin mijina, ina tsaye da tiren shayi a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ina salular babanku?"

Ya sosa ƙeya ya gaya mata. 

Ta ce, "Ba cewa na yi a kunna mini ba. Na san abin da nake ciki. So nake kawai in san wacce ya zaɓa."

Daga ranar Inna ta rage cin abinci. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai kwano ya shiga ya fito yadda ya shiga. Maigidana ya koma wurin masu gyara, suka ce abin da aka goge ya tafi. Sai ga shi, mutumin da ya ce shagon ubansa ya koma gidan biki, yana bin rumfunan Assihar yana tambayar mutane wace waƙa Baba ke ji bana. In ya dawo ba ya iya kallona. Amma ya samo da yawa. Makaniki ya ce ta jita wata ce a kan rijiyar da ta ƙafe, Baba ya sa ya fassara masa ita sau ba adadi. Mai burodi ya san ta rai. Tela ya san ta Mali, wata mata ce mai murya kamar ta namiji. Wani mai sayar da turare ya ce begen da ya zaɓa na wasu makafi ne, ba kiɗa sai tafi. Har ta samarin an samo, kuma wai maigidana ne Baba ya yi niyyar ba wa. Ta Inna kuwa ba wanda ya sani, don ita ba ya kunna ta a shago, ba ya kuma shawara da kowa a kanta.

Ni na sani. Tun watan azumi, in ya dawo hutun azahar, yakan kunna wata waƙa ƙasa-ƙasa a ɗakinsa, yana binta da hanci. Ta bango ba na jin kalmomin, amon kawai ke ratsowa, jita ce da ganga mai sauri da muryar yarinya. Na ji ta har ta zauna mini a kai. Amma da wane baki zan faɗa? In ce ina kasa kunne ga ɗakin surukina? In shiga gaban uwar mijina, tana takaba, in buɗe baki in yi waƙa? Ni da ko tari nake dannewa a gabanta! Na yi shiru kwana da kwanaki, ina kai abinci ina dawowa da shi, ina jin kunyar in faɗa, ina jin kunyar shirun da na yi.

Bakina ne ya tona ni. Wata safiya ina wankin kwanuka, ashe ina yin amon ban sani ba. Ƙanin mijina ya tsaya a kaina riƙe da butar alwala.

Ya ce, "Matar yaya, yaushe kika zama zabiya? Wannan daga ina?"

Na ce, "Kai dai wuce, sarkin sa ido."

Ya ce, "Ba ta cikin waɗanda Yaya ya samo. Kuma ke ba ki da rediyo." Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ajiye butar ya ce, "Ita ce ko?"

Ya juya ya kira yayansa. Na zaci maigidana zai yi faɗa. Ya tsaya a ƙofar madafa yana murza hula a hannu, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ni na ɓata. Ki taimake ni, don Allah." Tun da muka yi aure bai taɓa roƙona komai da wannan muryar ba.

Na ce, "Ni? A gaban Inna? Ka kashe ni kawai ka huta."

Ya ce, "Jiya ko kunu ba ta sha ba."

Da hantsi na shiga ɗakin. Tana zaune a kan buzu da farin mayafi, ta rame har wuyanta ya fito. Na durƙusa na gaishe ta, na sake gaishe ta, na tambayi kwanan da na riga na tambaya. Ta ce, "'Yar nan, lafiya?" Na ja mayafina na rufe fuska gaba ɗaya. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Akwai wata da Baba ke ji a ɗaki. Ban san kalmominta ba."  Na fara da hanci. Na kai tsakiya na sarƙe, na sake ɗaukowa. Ina roƙon Allah a raina ta ce in tashi in ba ta wuri.

Sai na ji ta ce, "Kin yi sauri."

Na tsayar da waƙar.

Ta ce, "Ba laifinki ba ne, yaran zamani ne suka ɗora mata jita suka sa ta gudu. Waƙar niƙa ce ta garinmu. Dutse ba ya gudu haka." Ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji a bakinta ba. "Ni ke bayarwa, 'yan mata suna amsawa. Babanku yana wucewa da jaki ya tsaya a bayan danga, har jakin ya cinye wa mutane wake bai sani ba. Da aka kai ni gidansu ga surukai, na rufe bakina. Muka zo nan, ga baƙunta. Kafin in ankara 'ya'ya sun yi gemu. Kowace shekara in an watse sai ya ce mini, duk ba su kai ki ba. In ce masa ya ji tsoron Allah."

Na ɗaga mayafin kaɗan. Ta ajiye carbin a cinya, ta dafa hannu biyu a kan buzun, ta fara tura su gaba tana dawowa da su kamar mai niƙa. Sai ta ɗauko waƙar daga farko, a hankali. Muryar ta tsufa, tana karcewa a sama, amma wallahi ban taɓa jin irinta ba, har tsigar jikina ta tashi. Shekarun nan duka muna tausayin matar nan, muna sunkuyar da kai saboda mijinta, ba mu san komai ba. A tsakar gida na ji takun takalma ya zo ya tsaya.

Ita ma ta ji. Ta katse a tsakiyar baiti, ta jawo mayafinta ta rufe baki.

Ta ce, "Tura ƙofar nan, 'yar nan, kada yaran nan su ji kunya."

Na miƙe na kama ƙofar, ta ƙi motsi. Maigidana ne tsugune a waje, ya riƙe ta da hannu ɗaya, hawaye yana bin gemunsa. Bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Bar ta a buɗe."

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya sa ya ji abin da ya fi duk wanda ya ji a duniya daɗi. Na koma na zauna, Inna ta ɗauko daga inda ta tsaya.